Kwaɗon faifan DVD da hukuncin kwafarsa: muhawarar masu shagon faifai da turi a Zamfara

Ɗan Tsafe:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya biyu gare ni. Ta farko, me ke sa wani faifan DVD, musamman na waje mai kwali, ya kunnu lafiya lau a na'ura, amma da an zo kwafarsa a kwamfuta sai ya cije a tsakiya, ko kuma ya kwafu hoton ya fito a farfashe, kore-kore? Alhali ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ta biyu, mutum ya sayi faifai na asali da kuɗinsa, ya kawo shago ya ce a juye masa a memori don kada yara su karce masa shi. In mai shago ya juye, ya yi laifi?

Injiniya Kantin Daji:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ta biyun na bar wa Barista. Ta farkon kuwa, kafin ka zargi kwaɗo, wato makullin fasaha da kamfani ke sa wa faifai don hana kwafa, karanta abin da kwamfutar ta rubuta maka lokacin da ta tsaya. In ka ga haruffan CRC, matsalar karatu ce: datti, karce, ko idon na'urar ya gaji. In Windows ta ba ka lamba 0x80030309, to wannan kwaɗo ne, sunansa CSS.

Tun 1996 aka zo da shi, tare da faifan DVD ɗin kansa. Bidiyon yana zaune cikin folda VIDEO_TS, a fayilolin VOB, kowanne bai wuce giga ɗaya ba. An yanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure bait 2,048, sai aka hargitsa wasu daga cikin gutsattsarin. Mabuɗin warware hargitsin ba ya cikin foldar da kake gani. Mabuɗin faifan yana can zoben ciki, wurin da idon na'ura ke fara karantawa kafin ya iso ga fim, kuma ja-ka-ajiye na kwamfuta ba ya taɓa wurin. Na'urar da kamfaninta ya biya lasisi tana da nata mabuɗin a ciki, da shi take buɗe mabuɗin faifai, da na faifai take buɗe na fim. Shi ya sa take kunna shi ba gardama. Kai kuma ka kwashe akwati ka baro mabuɗi a gida. Kore-koren da ka gani gutsattsarin da ba a warware ba ne.

Akwai wani kwaɗon da ya zo daga baya, irin su ARccOS na Sony da RipGuard na Macrovision. Su da gangan ake dasa ruɓaɓɓun wurare a faifan. Na'urar gida tana bin taswirar da ke fayil ɗin IFO, ta tsallake su. Kwamfuta mai son kwashe komai bi da bi sai ta faɗa ramin, ta yi ta ƙugi. Irin wannan yakan rikita mutum, don saƙon da yake bayarwa iri ɗaya ne da na karce.

Baban Walida (Ƙaura):
Injiniya, wanga kwaɗo ai tuni anka karya shi. Mi ya rage a cikinai?

Injiniya Kantin Daji:
An karya shi tun 1999, gaskiyarka. Mabuɗin gajere ne, bit 40 kacal, saboda a lokacin dokar Amurka ta taƙaita ƙarfin irin wannan fasaha da za a fitar waje. Wani yaro ɗan Nowe, Jon Johansen, yana da shekara 15, shi da wasu suka fito da manhajar DeCSS. An kai shi kotu a ƙasarsu, aka sallame shi a 2003, aka ɗaukaka ƙara, aka sake sallamarsa a ƙarshen shekarar. Amma raunin kwaɗo daban, izinin shiga ɗaki daban. Nan ne aikin lauya ya fara.

Barista Gusau:
Na gode Injiniya. Ɗan Tsafe, tambayarka ta biyu ta ƙunshi mutum biyu, kuma doka ba ta kallonsu da ido ɗaya: mai faifai da mai shago.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar da ke kundin dokoki na 2004. Tushenta shi ne wanda ya sayi faifai ya mallaki robar, bai mallaki fim ɗin ba. Kwafa, rarrabawa, haya, nunawa ga jama'a, ɗorawa a intanet, duk haƙƙin mai fim ne, sai wanda ya ba izini.

Sashe na 20 ya yi togaciya ga wasu abubuwa, ciki har da amfanin kai, da nazari, da sharhi, da ba da labari. Sai dai ba a buɗe take ba. Kotu za ta auna abu huɗu: manufar kwafar, irin aikin da aka kwafa, yawan abin da aka ɗiba, da tasirin hakan ga kasuwar mai aikin. Mai faifan da ya kwafi abinsa a gida, kwafi ɗaya, ya ajiye na asalin a akwati, bai ba kowa ba, yana da abin kare kansa mai ƙarfi a nan.

Mai shago ba shi da wannan rigar. Shi ba don kansa ya kwafa ba, kuɗi ya karɓa. Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, fayil ɗin ba ya fita daga kwamfutar shago bayan mai faifai ya tafi. Gobe wani ya zo da waya a tura masa. Daga wannan lokacin an bar zancen ajiya, an shiga sayarwa, kuma dokar ta ce kwafi ya haɗa da na dijital. Sashe na 44 ya sa tarar aƙalla naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyun: aƙalla shekara biyar ga mai bugawa don sayarwa, aƙalla uku ga mai sayarwa ko bayar da haya. A tsohuwar doka naira 1,000 ce ga mai bugawa, naira 100 ga mai sayarwa. Kowa ya ƙirga fina-finan da ke rumbun kwamfutarsa ya buga lissafi da kansa.

Sai sashe na 50, wanda tsohuwar dokar ba ta da irinsa. Shi ya hana karya kwaɗon fasaha da gangan, ya kuma hana ƙera ko shigo da ko sayar da kayan da aka yi musamman don karya shi. Wato faifai mai CSS ƙofa biyu ne: haƙƙin kwafa, da haramcin taɓa kwaɗon.

Baban Walida (Ƙaura):
Barista, ranka shi daɗe, nan ne ban gamsu ba. Mutum yas sayi abu da guminai. Faifai kuwa ba dutse ba ne, shekara kaɗan ya lalace, kuma kamfanin da yab buga shi ba ya musanya maka. Doka ta ce kana iya kwafa don kanka, ta juyo ta ce kada ka taɓa kwaɗon da ya hana ka kwafar. An ba ka da dama an amshe da hagu ke nan. In mutum ya sayi akwati mai kwaɗo, wa ka hana shi ɓalle shi a ɗakinai?

Barista Gusau:
Ƙorafinka a kan hanya yake, kuma ba kai kaɗai ke yin sa ba. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta tsaya a kan cewa karya kwaɗon laifi ne mai zaman kansa, har kotu ta dakatar da manhajar RealDVD a 2009, duk da masu ita sun ce don ajiyar gida suka yi ta. A Ingila an halatta kwafar amfanin kai a watan Oktoba na 2014, babbar kotu ta soke halaccin a 2015, saboda ba a tanadi diyya ga masu haƙƙi ba. Jamus ta yarda da kwafar gida, amma ta hana karya kwaɗo. Kowace ƙasa da inda ta ja layinta.

A namu karatun, sashe na 50 ba a ɗaukarsa shi kaɗai, ana haɗa shi da togaciyar sashe na 20, don haka mai gida yana da hujjar da lauya zai tsaya a kai. Abin da nake ja wa 'yan zauren nan kunne a kansa shi ne kada mai shago ya ara wannan hujjar ya yafa. Misalin akwatinka ya yi daidai ga mai akwati. Wanda ya buɗe rumfa a bakin kasuwa yana ɓalle wa mutane kwaɗo, yana kuma riƙe kwafin abin da ke ciki, wani zance ne.

Baban Walida (Ƙaura):
To na ji na mai shago. Na mai gida ɗai nika ja.

Edita Samaru:
Ku yi haƙuri in shigo, don ina ganin ana ta gardama kan kwaɗon da mafi yawan faifan da ke yawo a Gusau da Ƙaura da Mafara ba su da shi. Juya faifan ka dubi cikinsa. In ruwan shuɗi-shuɗi ne mai ɗaukar shanshanbale, DVD-R ne ko DVD+R, da leza aka rubuta shi a kwamfuta ko a injin bugawa mai jerin ƙofofi. Irin wannan ba ya iya ɗaukar CSS ko da mai fim ya so, domin wurin da mabuɗin ke zama an riga an toshe shi tun daga masana'anta. Da gangan aka yi haka, don kada a kwafi faifan kamfani da mabuɗinsa gaba ɗaya. In cikin fari ne kamar azurfa, na masana'anta ne, matsa shi aka yi da mazubi. Shi ma ba kowanne ke da kwaɗo ba, sai wanda mai fim ya biya lasisi, kuma fina-finanmu na Hausa da na kudu galibi ba a biyan wannan.

Ka kuma duba zoben tsakiya a wurin haske. Faifan masana'anta mai rajista yana da ƙananan lambobi da suka fara da IFPI, ɗaya ta injin da ya yanka uwar faifan, ɗaya ta mazubin da ya matsa shi. Da su ake gane masana'antar da ta buga. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da ƙa'idojin masana'antun faifai tun 2006. In ka ga an kankare wurin ko an ƙona shi, ka san wanda ya buga ba ya son a san shi.

Ɗan Tsafe:
Ke nan fim ɗin Hausa da ba kwaɗo, babu matsala a kwafa?

Barista Gusau:
A'a fa. Gidan da ba a kulle ba bai zama na kowa ba. Rashin kwaɗo sashe na 50 kawai ya cire maka, na 44 yana nan daram. Haƙƙin fim yana ɗaukar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi, wato wanda ya fito a 1998 sai bayan 2048. Kuma ba sharaɗi ba ne sai mai shi ya yi rajista. Rajistar da hukumar ke yi don sauƙin kafa hujja ce. Tambarin hukumar tace fina-finai ma ba izinin kwafa ba ne, shi shaida ne cewa an duba abin da ke ciki.

Wani abu kuma da ake yawan ruɗewa a kai a jiharmu: haƙƙin mallaka yana cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, shari'arsa a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Sulhu a gaban shugaban kasuwa ko wani dattijo abu ne mai kyau, amma in ta kai ga ƙara, can za a je.

Malam na Anka:
Barista ya yi bayanin doka, bari in ƙara na fiƙihu a taƙaice, tunda wasu kan ce wannan dokar Bature ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi ta'adi a kansa. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan ilimi, suna ganin ba a killace ilimi. Amma ko su ba su ce ka ɗauki wahalar wani ka mayar da ita jarinka ba.

Inda ake samun zamewa shi ne faifan tafsiri da wa'azi. Malami yakan ce a yaɗa don Allah. Wannan izini ne a kan maganarsa. Wanda ya ɗauko kyamara da janareto ya kwana talatin yana ɗauka, ya tace, ya buga, shi ma yana da nasa haƙƙin a kan ɗaukar. Sai a tambaye shi. Sau da yawa zai yarda, amma tambayar ita ce ladabin.

Malama Mafara:
Allah ya gafarta Malam, wannan ya taɓo abin da ke damun makarantu da ɗakunan karatu. Akwai faifan darussa da na tarurruka da aka buga shekara goma sha da suka wuce, duk DVD-R, yanzu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka buga su kuma wasu sun bar sana'ar. Dokar 2022 ta ba ɗakunan karatu da na adana tarihi damar kwafa don adanawa da maye gurbin abin da ya lalace, wannan na sani. Hanyar yin aikin nake so Injiniya ko Edita su zayyana, yadda ba za a ƙarasa kashe faifan ba.

Edita Samaru:
Hajiya, ga yadda ake yi ga faifan da ba kwaɗo, wanda kuma kuke da hurumin kwafarsa.

A fara da wanki. Ruwa mai tsabta, ɗigon sabulun ruwa, ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. A goga daga tsakiya zuwa baki, miƙe, kada a zagaya. Dalili, rubutun a zagaye yake tafiya, karcen da ya ratsa shi a gicciye gyaran kuskuren na'ura na iya cike gurbinsa, wanda ya bi shi a zagaye kuwa yakan shafe dogon layi a jere. Kada a sa fetur ko kananzir, suna cin robar. DVD roba biyu ce aka manne, kowace kaurin milimita 0.6, rubutun yana tsakiya, shi ya sa karcen ƙasa ke goguwa da injin gogewa. CD kuwa rubutunsa na dab da saman da ake rubuta suna, karcen sama ya fi kashe shi.

Na biyu, kada a ja fayiloli ɗaya-ɗaya. A ɗauki hoton faifan dungurungum, abin da ake kira ISO, da manhaja irin ImgBurn. A rage gudun karatu zuwa 2x ko 4x. In ya cije, a gwada wata na'urar kafin a yanke ƙauna, don ido ya fi ido. Ga wanda ya iya Linux, manhajar ddrescue ta fi kowa haƙuri: tana kwashe wuraren lafiya tukuna, ta rubuta inda ta tsallake, ta dawo musu daga baya, har ana iya ci gaba da aikin a wata na'urar. In fayil ɗin IFO ne ya lalace, akwai tagwayensa mai suna BUP a foldar, a kwafe shi a sauya masa suna.

Na uku, ISO ɗin shi ne uwa, a ajiye shi wuri biyu, rumbu biyu daban, ba ɗaki ɗaya ba. Daga shi ake fitar da MP4 na kallo da manhajar HandBrake. A bar girman a 720 da 576 yadda PAL, tsarin hoton talabijin na ƙasarmu, yake, ƙara shi zuwa 1080 ba ya ƙara kyau, nauyi kawai yake ƙarawa. A kunna tace layuka, in ba haka ba duk inda mutum ya motsa hannu za a ga haƙoran mataji a gefensa. Fim na awa biyu yakan zauna a giga ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da ido ya ga bambanci ba.

In kuma sabon faifai za a buga, a lura da awo. Wanda aka rubuta wa giga 4.7 kwamfuta 4.37 take gani, mai hawa biyu na 8.5 kuma 7.95. Uwar da ta fito daga mai hawa biyu ba ta shiga mai hawa ɗaya sai an matse ta. A buga a 4x ko 8x ko da an rubuta 16x a jikinsa. A 4x kamar minti goma sha biyar ne, a 16x kamar shida, amma mintunan da aka rage su ne ke dawowa a matsayin faifai mai tsalle a tsohuwar na'ura. A sa alamar tantancewa bayan bugu. Kuma kada a yi a kan wutar da ke rawa ba tare da batirin tsaro ba, ɗaukewar daƙiƙa ɗaya ta kashe faifan.

Injiniya Kantin Daji:
Ƙari kan na Edita. Abin da ke kashe DVD-R a nan zafi ne da rana, ba yawan kallo ba. Rini ne a cikinsa, leza ta ƙona shi ta yi rubutu, hasken rana kuma yana ci gaba da wannan aikin a hankali. Faifan da aka shanya a tebur bakin titi a watan Afrilu, ko aka bari a gaban gilashin mota, ya fara mutuwa tun kafin a saye shi, kuma daga bakin waje yake farawa. Shi ya sa za ka ga fim ya tafi lafiya sai wajen ƙarshe ya fara tsayawa. A ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a inuwa, kada a manna musu takarda a gefe ɗaya don tana sa su rawa in suna juyawa.

Faifan biki da aka ɗauka kai tsaye da na'urar rikoda kuma, in ya ƙi kunnuwa a ko'ina sai a na'urar da ta yi shi, ba kwaɗo ba ne. Ba a rufe shi ba ne. A mayar da shi cikinta a ba shi umarnin kammalawa.

Ɗan Tsafe:
Akwai kuma wanda alhazai ke zuwa da shi daga Saudiyya, na asali, amma na'ura ta rubuta ba yankinsa ba ne.

Injiniya Kantin Daji:
Wannan kwaɗon yanki ne, daban yake da CSS ko da yake tare suke tafiya. An raba duniya shida. Amurka da Kanada 1. Turai, Japan, Gabas ta Tsakiya, Masar da Afirka ta Kudu 2. Mu da Indiya da Rasha 5. Sin 6. Faifan Saudiyya da Dubai ke nan 2 ne, mu kuwa 5. Yawancin ƙananan na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa duba yanki, shi ya sa ba a cika jin kukan ba. Masu dubawa su ne na manyan kamfanoni da na'urar cikin kwamfuta.

A kwamfuta a yi hattara. Tana ba ka damar sauya yanki sau biyar kacal, lissafin kuma a cikin na'urar yake, ba a Windows ba. Sake zuba Windows ba ya mayar da shi. Na biyar ɗin a nan za ta tsaya. Shago mai karɓar faifai daga ko'ina, gara ya ware wata na'ura ta USB ya bar ta a 2.

In faifan Amurka ne ya fito fari da baƙi a tsohuwar talabijin, wannan NTSC ne, tsarin hoton talabijin na Amurka, ya haɗu da PAL, a shiga saitin na'ura a zaɓi PAL. In kuma an bi da DVD ta cikin rikoda hoton yana haske yana duhu, Macrovision ne, sigina ce da ke ruɗar ma'aunin hasken rikoda.

Baban Walida (Ƙaura):
Ni abin da ka ba ni mamaki, duk wanga tsaro bai hana faifai mai fim ashirin cika kasuwa ba. Mai gaskiya ɗai ka shan wahala da yanki da kwaɗo.

Edita Samaru:
A nan kam ina bayanka. Masu buga na jabu da yawa ba su taɓa damuwa da CSS ba. Amma dubi abin da mai saye ke samu. Fim ashirin, kowanne minti 90, awa 30 ke nan. Raba giga 8.5 a kan awa 30, abin da ke zuwa bai kai kilobit 650 a daƙiƙa ba, hoto da sauti. VCD na da, wanda muke rainawa, hotonsa kaɗai kilobit 1,150 ne. DVD na ƙwarai mai awa biyu yana samun wajen 5,000. Shi ya sa fuskoki ke narkewa da zarar an fara gudu ko rawa.

Yanzu ma kasuwar ta bar faifai ta koma memori da YouTube da manhajojin kallo, kwaɗon ya koma can. Abin da ka sauke cikin manhaja don kallo ba data a kulle yake da asusunka, shi ya sa in ka tura fayil ɗin wata waya ba ya buɗewa.

Barista Gusau:
Kuma dokar ta bi shi can. Ɗora fim ɗin wani a intanet ba izini laifi ne a ƙarƙashinta, kuma mai haƙƙi na iya rubuta wa masu shafin su sauke shi. Masu gidan kallo da otal su ma su sani, faifai na asali izinin kallon gida yake ɗauke da shi. Nuna wa jama'a lasisi ne daban, ƙungiyar AVRS ce aka amince ta karɓa a madadin masu fina-finai.

Edita, kai da abokan sana'arka akwai wanda ya shafe ku kai tsaye, bidiyon biki da suna. Wanda ya ɗauke ku aikin don amfanin gidansa, doka ta ba shi damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, ta kuma ba shi ikon hana a yaɗa shi. Wato in ango ya kawo faifan bikinsa a kwafa masa goma don dangi, babu laifi. In mai ɗauka ya yanki rawar amarya ya sa a TikTok don tallar shagonsa ba da yardarsu ba, suna da ikon tsayar da shi. A garuruwanmu ma tun kafin a kai ga kotu wannan ya isa ya rufe wa mutum shago.

Ɗan Tsafe:
To Barista, mai shagon turi da ke son ya yi sana'arsa cikin kwanciyar hankali, me zai riƙe a hannu?

Barista Gusau:
Takarda daga mai fim ko dillalin da mai fim ya wakilta. Doka ta yarda da izinin baki in ba na keɓewa ba ne, amma ranar da jami'an hukuma suka shigo shago, baki ba ya nunuwa. Takardar ta ƙunshi sunan mai ba da izini da matsayinsa a kan fim ɗin, sunayen fina-finan ɗaya-ɗaya, garin da za a yi sana'ar, daga yaushe zuwa yaushe, nawa za a biya kuma ta yaya, sa hannu da kwanan wata. A rubuta hanyar a fili: bugun faifai, ko turi a waya da memori, ko duka biyun. Izinin ɗaya bai haɗa da ɗayan ba. In dillali ne ya ba ka, nemi kwafin takardar da ta ba shi wannan ikon, don wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. Rasit na kowane biya a ajiye, da littafin da ake rubuta abin da aka tura kullum.

Fim ɗin Indiya da aka fassara shi ya fi sarƙaƙiya. Mai fassara yana da wahalarsa a kan muryar, amma fassarar kanta sai da izinin mai fim na asali. Takardar mai fassara kaɗai ba ta rufe ka daga wancan ba.

Malama Mafara:
Edita, an gwada ImgBurn a kan guda uku yanzu. Biyu sun fita lafiya, na ukun ya tsaya a kashi 91 cikin ɗari, yana ta maimaita wuri ɗaya.

Edita Samaru:
Bakin waje ne ya fara ci, yadda Injiniya ya faɗa. Kada a bar shi yana ta maimaitawa, na'urar zafi take yi. A fitar da shi ya huce, a shiga saitin karatu a rage yawan maimaici zuwa biyu, a sa ya tsallake wuraren da suka ƙi, a karɓi abin da ya samu a ajiye da suna daban. Gobe a gwada shi a wata na'urar a 2x. In ita ta wuce wurin, nata za a riƙe.